Damaris Mai Tukunya da Addu'ar Safe a Watan Ɗari

Ranar da za a kawo Damaris Sakkwato tana amarya, babu abin da matan ƙauyensu na wajen Zuru ba su faɗa mata ba game da zafin garin. Wata ta ce ƙwai yana dahuwa a kan dakali, wata ta rantse cewa takalmin roba yana narkewa a ƙafar mutum yana cikin tafiya. Uwarta ta cusa mata mafici har uku a cikin akwati. Babu wadda ta ce mata uffan a kan sanyi. Sai da ta yi wata huɗu a ɗakin miji, watan Disamba ya kama, ta tashi wata safiya ta tsoma hannu a randa ta fizge shi kamar kunama ta harbe ta, sannan ta gane rabin labari aka ba ta.

Mijin nata Irmiya direba ne a wata ma'aikatar gwamnati, dogo, mai ƙarancin magana, wanda ya fi yarda da rediyonsa a kan yawancin mutane. Sun kama ɗaki biyu a Mabera tun unguwar tana da filaye da gonakin gero a bayan gidaje, daga baya suka sayi gidan. Damaris ta samu aikin girki a wata makarantar kwana ta 'yan mata, ta yi shekara talatin da ɗaya tana tuƙa tuwon ɗalibai ɗari huɗu da muciyar da ta kusa kai tsayinta. Aikin ya bar mata damatsa irin na 'yan dambe da murya mai ratsa katanga. Ta haifi uku, Nuhu da ƙannensa mata biyu, duk suka yi karatu, aiki da aure suka watsa su Abuja da Kaduna da Birnin Kebbi.

Amma idan ka tambayi 'yan majami'arsu wace ce Damaris, babu mai ambaton tuwo. Za su ce maka, "A'a, Mama mai tukunya?" Cikin kayan aurenta akwai wata tukunyar yumɓu mai faɗin ciki da matsattsen baki, wadda ba a taɓa ɗora ta a wuta ba. Ta kiɗa ce. Ana dukan bakinta da soso mai kauri, sai ta ba da wata murya mai zurfi da mutum yake jin ta a ƙirji kafin kunne. Uwarta ce take buga ta a zumuntar matan ƙauyensu, ta ba ta ita ranar tafiya. A ƙaramar majami'arsu ta masu jin Hausa, idan matan zumunta suka miƙe da zannuwansu iri ɗaya, sai Damaris ta zauna a gaba, ta matse tukunyar da gwiwoyi, ta duke ta sau biyu. Daga nan ne waƙa take samun ƙafa.

Majami'ar tana da al'adar addu'ar safe, ƙarfe shida saura kwata, kowace rana ban da Lahadi. Da damina akan samu mutum talatin. Da bazara ma ba laifi, don zafi ne yake korar mutane daga ɗaki tun da asuba. Amma daga Kirsimeti zuwa ƙarshen Fabrairu abin yakan koma kamar kasuwar da ta watse. Wasu sun tafi gida biki ba su dawo ba, ɗaliban jami'a da suke zuwa daga wajen Kwalkwalawa suna hutu, waɗanda suka rage kuwa ɗari ya danne su a gado. Ginin kansa bai taimaka ba: rufin kwano ne, daɓen siminti, tagogi rabinsu babu gilashi. Duk da haka Damaris ba ta taɓa fashi ba. Tana zuwa addu'a, ta wuce wurin aiki, shekara da shekaru.

Sai hunturun da ya biyo bayan ritayarta.

A wannan Kirsimetin babu ɗanta ko ɗaya da ya zo. Nuhu bai samu hutu ba, ta Kaduna tana goyon jariri, ta Birnin Kebbi ta bi miji garinsu. Damaris ta dafa shinkafa irin ta mutum ashirin saboda hannunta bai iya ƙaramin girki ba, ta rarraba wa maƙwabta, ta dawo ta zauna ita da Irmiya da rediyo. Kwana biyu bayan haka gwiwoyinta suka fara ciwo. Ta ce bari ta huta yau kawai, ai Allah yana ji ko daga cikin bargo. Ta fara addu'a a kwance, ta roƙa wa Nuhu, ta roƙa wa ta Kaduna, kafin ta kai ga ta Birnin Kebbi barci ya sace ta. Washegari ma haka. Ranar Lahadi ta je sujada, ta buga tukunya yadda ta saba, amma ita ta san hannu ne kawai yake yi. Ta dawo gida ta ajiye littafinta na ibada a kan kabad, har mako ya zagayo ba ta ɗaga shi ba. Ba fushi take da Allah ba. Abin ya fi kama da maƙwabcin da kuka daina gaisawa ba tare da kun yi faɗa ba.

Irmiya ya ci gaba da sauraron rediyonsa. Shi dama tun da ya bar aiki ya kafa dokar cewa ba ya fita sai rana ta taɓa bakin ƙofa, yana kwana da hular sanyi da safa biyu. Wadda ta yi magana ita ce Hajjo.

Hajjo maƙwabciyarsu ce, katanga ɗaya ta raba su. 'Yar malamai ce daga Ƙofar Kware, aure ya kawo ta Mabera, mijinta ya rasu ya bar ta da gida da jikoki. Shekara fiye da ashirin suna musayar gishiri da daddawa ta saman katanga, tuwon sallah yana tsallakowa nan, shinkafar Kirsimeti tana tsallakawa can. A rana ta tara, da hantsi, Hajjo ta yi sallama ta shigo, ta tarar da Damaris a tsakar gida tana shan rana, ta lulluɓe da bargo har ka.

"Maman Nuhu, mi as same ki?" in ji Hajjo da Sakkwatancinta. "Kwana tara ban ji ƙyaurenki da asuba ba. Ni hwa ƙarar ƙyauren nan naki ita ce agogona. In na idar da salla na ji ƙiiii, sai in ɗora ruwan koko. Jiya har ɗiya sunka kusa tahiya makaranta da yunwa."

"Gwiwa ce, Hajiya."

Hajjo ta zauna a kan turmi, ta dube ta sama da ƙasa. "Gwiwar da ta kai ki kasuwa shekaranjiya?"

Damaris ta yi 'yar dariya. Ta gyara bargo ta ce, "Gaskiya ba gwiwa ba ce kaɗai. Zuciyar ce ta yi sanyi. In na buɗe baki zan yi addu'a sai in ji kamar ina tauna dusa."

Hajjo ba ta yi mata wa'azi ba. Ta ce, "Ke kina zaton ni ruwan buta ba ya cizo na? Akwai sahiyar da sai na yi gardama da shi kahin in yi alwala. Amma ni ladan na tashe ni, ke ba ki da mai tashinki. To daga gobe in na sallame zan buga miki bango sau ukku. In ba ki tashi ba in ƙara."

"Hajiya, ki rufa mini asiri."

"Asirin ke nan nake ruhwa miki. Ni dai a ba ni agogona."

Washegari kuwa, gari bai gama wayewa ba, sai ga dum, dum, dum a jikin bango, daidai kan gadonsu. Irmiya ya zabura yana tambayar ko ɓarayi ne. Damaris ta ja bargo ta rufe kai. Aka ƙara uku, wannan karon da taɓarya. Ta tashi tana gunaguni, ta shafa man zafi a gwiwa, ta saka suwaita biyu, ta ɗaura ɗankwali a kan hular sanyi, ta ja ƙyaure. Ta jiyo Hajjo daga can tana cewa, "Awo, haka nake son ji."

Tafiyar minti goma sha biyar ce zuwa majami'a. Tun daga nesa ta hango ƙofa a buɗe, ta kuma jiyo murya guda ɗaya tana waƙa, tana rawa saboda sanyi. Fasto Filibus ne, tsoho mai shekara saba'in da 'yan kai, ya saka kwat a kan kwat, ya tsaya a gaban bencina goma sha biyu da babu kowa a kansu, yana bi baiti bayan baiti bai tsallake ko ɗaya ba. Da ya gan ta bai katse ba, sai ya ɗaga mata gira ya ci gaba. Ta zauna a baya, kunya ta rufe ta.

Da ya gama ta ce, "Baba Fasto, kai kaɗai?"

"Tun ranar da kika daina zuwa," in ji shi. "Ba laifi. Bencina ba sa gardama, ba sa duba agogo. Sai dai ba sa cewa amin."

Ta gaya masa abin da ta gaya wa Hajjo. Ya saurara yana murza hannuwa, sannan ya ce, "Maman Nuhu, ni da kike gani, akwai safiyar da ƙafata ce kawai take zuwa nan. Zuciyar sai da hantsi take biyo baya. Ban taɓa ganin ta ƙi zuwa ba dai, in ƙafar ta riga ta."

Suka yi addu'a su biyu. Ba ta ji wani abu ya sauko mata daga sama ba, hancinta ne ma yake ta zuba. Amma da ta fito ta ji yunwa irin wadda ta manta da ita, ta sayi ƙosai a hanya, ta ci uku kafin ta isa gida.

Damaris mace ce da ba ta iya ganin aiki a kwance ba. Da la'asar ta ɗauki mayafi ta fara bin gidajen matan zumunta, ba don ta yi musu faɗa ba, tunda ita ma jiya-jiya aka tashe ta da taɓarya. Kowa da dalilinta. Wadda ta fi tsaya mata a rai ita ce Kaka Keziya, tsohuwar da ta kafa zumuntar tun ana taruwa a ƙarƙashin bishiyar dogonyaro. Ta same ta a ɗakinta ita kaɗai, da kaskon garwashi a gabanta, tari ya hana ta fita tun farkon Disamba.

"Ba wanda ya leƙo ni sai Fasto," in ji tsohuwar. "Ina jin kewar waƙa, Damaris. Ina rera ta a zuci, numfashi ba ya kai."

Damaris ta dubi ɗakin. Ginin ƙasa ne mai kauri, da ɗumi kamar cikin tanderu, zai ɗauki mutum goma idan an matsa. Ta ce, "Kaka, in mun zo nan da safe za ki kore mu?"

"In kore ku? Ku zo ko da tsakar dare ne."

Fasto Filibus ya amince nan take, har ya ce ƙashinsa zai sa mata albarka. Aka sa ƙarfe shida, bayan an fito masallatai, aka kuma yi shawara za a riƙa kiɗa a hankali saboda maƙwabta. Mata huɗu suka yi alkawarin zuwa, cikinsu har da Tabita, wata matashiyar malamar firamare da aka auro daga Kafanchan, mai murya kamar sarewa da son barci kamar mage.

Gidan Kaka Keziya ya fi majami'a nisa, don haka a safiyar farko Damaris ta naɗe tukunya a zane ta tsayar da ɗan kabu-kabu, wato mai babur. Ta hau ta rungume ta a cinya. Sun kusa isa, wata akuya ta fito daga lungu a guje, mai babur ya taka birki, Damaris ta kai hannu ta riƙe kafaɗarsa don kada ta faɗi. Ita ba ta faɗi ba. Tukunyar ce ta sulale, ta daki kwalta da wata ƙara marar daɗi.

Ta sauko ta kwance zanen. Tukunyar da ta yi shekara arba'in a hannunta, ta kuma yi wasu a hannun uwarta, ta zama tsingaro. Bakin ne kawai ya rage, zagaye kamar awarwaro. Mai babur ya yi ta ba da haƙuri. Ta tattara gutsattsarin a zane ta ƙarasa da ƙafa.

Da ta shiga ɗakin ta buɗe musu, Tabita ta ɗora hannu a ka. Damaris ta zauna ta yi kuka sosai, irin kukan da ba na tukunya kaɗai ba, har da na uwarta da na Kirsimetin da babu yara. Aka bar ta ta yi. Da ta lafa, Kaka Keziya ta nuna lungun ɗaki da sandarta.

"Ga jarka can, babu ruwa a ciki. Mu da muka fara zumuntar nan da ƙwarya muka fara. Ɗauko ki buga mana."

Damaris ta ɗauko jarkar, ta kifa ta a cinya, ta duke ta. Ƙarar da ta fito kamar an mari buhun masara. Fasto Filibus ne ya fara kasa riƙe dariya, sai kowa ya ɓarke, har Kaka Keziya ta yi ta tari tana share hawaye. Da wannan jarka aka yi waƙa uku a safiyar, kuma Damaris ta sha faɗa daga baya cewa a ranar ne ta ji addu'a ta fito mata daga ciki, karo na farko tun kafin biki.

Da Hajjo ta ji labari ta ce maganar jarka ba ta taso ba, maƙwabciyarta ba za ta yi kiɗan Allah da abin zuba kananzir ba. Ranar Asabar suka tafi Tsohuwar Kasuwa wurin masu tukwane. Damaris ta fito da sosonta daga jaka, ta fara bin tukwane ɗaya bayan ɗaya tana dukan bakinsu, tana karkata kunne. Mai tukwanen, wani dattijo da ake kira Mode, ya bi ta da kallo har ta kai ta goma sha biyu.

"Baiwar Allah," in ji shi, "ruwa za ki zuba ko magana kike son ta yi?"

"Magana, Malam."

Hajjo ta yi masa bayani. Mode ya shafa gemu, ya ce su dakata. Ya shiga can cikin rumfa ya fito da wata baƙar tukunya da ta ɗan karkace a wuya. Ya ce shekara biyu tana nan, duk wadda ta ɗaga ta sai ta ajiye saboda karkacewar, amma shi ya san ta gasu fiye da sauran. Damaris ta duke ta sau ɗaya. Muryar ta fito mai kauri, ta daɗe tana yawo a cikin rumfar, har wata mai sayen kasko ta juyo.

"Wagga ita ta," in ji Hajjo.

Ba irin muryar tsohuwar ba ce, ta fi ta zurfi kaɗan, kuma sai da Damaris ta yi kwanaki kafin hannunta ya saba da karkataccen wuyan. Amma ta ɗauke ta a ka tun daga kasuwa har gida, ta ƙi yarda ko keke mai ƙafa uku ya taɓa ta.

A nan ne Irmiya ya shigo labarin. Da yamma ya zagaya tukunyar sau biyu, ya ƙwanƙwasa ta da ɗan yatsa, ya ce, "Maman Nuhu, wannan ma a babur za ki ɗora ta?"

"Da ƙafa zan tafi."

"Da wannan gwiwar?" Ya kashe rediyo, abin da ba ya yi sai magana ta yi nauyi. "Shekara talatin ina tuƙi ban taɓa fasa ko kofi ba. Ba za a ce matar direba tana zubar da kaya a titi ba. Ni zan kai ki. Amma ki sani, kai ki kawai zan yi. A mota zan jira."

Yana da wata tsohuwar Fijo fara da ya saya lokacin da ya bar aiki, wadda yake wankewa kullum amma ba ya zuwa ko'ina da ita. Da safe ya fito da hularsa da safarsa, ya shimfiɗa wa tukunya bargo a kujerar baya, ya murza makulli. Motar ta yi tari sau biyu ta yi shiru. Batirin ya ji sanyi. Irmiya ya leƙo ta taga ya dubi matarsa, ita ma ta dube shi. Ta tattare zane, ta kafa kafaɗa a bayan mota, ta tuna tuwon ɗalibai ɗari huɗu, ta tura. Layin nasu yana da ɗan gangare. Kafin su kai bakin kwalta motar ta kama da wata irin ƙara, Damaris ta bi ta a guje tana haki ta faɗa ciki, gumi yana keto mata a tsakiyar watan Janairu.

Daga ranar turin mota ya zama wani ɓangare na ibadar. Tabita da wasu mata biyu da suke kusa suka fara taruwa a ƙofar gidan tun shida saura, su tura, su shiga suna dariya, jikinsu ya yi ɗumi kafin a fara waƙa. Tabita ta ce ita kam ba don addu'a take tashi ba, don kada a ce Mama ta tura mota ita kaɗai ne, amma in ta riga ta tashi sai ta ga ai gara ta ƙarasa. A cikin motar ne ma Damaris ta haɗa wata 'yar waƙa, tana buga ta a kan cinya:

Tashi, tashi, 'yar'uwa,
bargo ba ya ceto.
Wanda ya tashe mu da rai,
shi za mu je gaisarwa.

Irmiya ya ce waƙar ba ta da ladabi, kuma ya san da wa ake. Kwana uku yana zama a mota da rediyonsa kamar yadda ya faɗa. A rana ta huɗu sanyi ya yi tsanani, ya zo ya tsaya a bakin ƙofar ɗakin, wai garwashi yake nema. A ta biyar Kaka Keziya ta ce masa, "Irmiya, ko ka shigo ko ka fita, kana shigo mana da iska." Ya shigo ya rakuɓe kusa da Fasto. Ana cikin waƙa ta biyu sai aka ji wata murya daga ƙasa, mai kauri, tana bin tukunya. Damaris ta kusa sakin soso. Tun suna saurayi da budurwa rabon da ta ji shi yana waƙa da gaske, ta ma manta cewa a ƙungiyar mawaƙan ƙauye ta fara ganinsa. Ba ta ɗaga kai ba, don ta san in ta dube shi zai daina.

Kafin ƙarshen Janairu ɗakin ya kasa ɗaukar su. Waɗanda suka dawo daga gida suka ji labari, mazan wasu suka biyo matansu, aka fara shimfiɗa tabarma a tsakar gida ana kunna kasko biyu. Kaka Keziya ta samu sauƙin tari, ko don maganin da Tabita ta karɓo mata ne, ko don kunun da aka riƙa kawo mata kullum, ko don hayaniyar, ita dai ta ce duka ukun ne. Ba kowace safiya ce take da daɗi ba. Akwai ranar da mutum biyar kawai suka zo, akwai ranar da Fijo ta ƙi tashi ko da turi, suka taka da ƙafa suka isa an kusa gamawa. Damaris ma akwai ranakun da ta je ta dawo ba ta ji komai ba. Ta daina tsorata da hakan. Littafin ya sauko daga kan kabad ya koma ƙarƙashin matashi, ta kuma koyi kiran 'ya'yanta a waya ranar Laraba maimakon ta zauna tana jiran su kira.

Yatsunta ne suka fara ba ta matsala a watan Fabrairu, suna ƙagewa da safe. Sai ta fara zaunar da Tabita kusa da ita tana nuna mata yadda ake riƙe soso, da inda ake sassautawa a bar masu waƙa su ja numfashi. Tabita tana da gaggawa, kullum tana gaban waƙa da taki ɗaya. "Ba kora kike yi ba," in ji Damaris, "rakiya kike yi. Bi su a baya kaɗan."

A Lahadin farko ta watan Maris aka ba zumuntar mata fili a sujada. Majami'a ta cika har waje. Kaka Keziya ta zo da sandarta, aka ba ta kujera mai hannu a gaba. Matan suka miƙe, mutane suka ga abin da ba su taɓa gani ba: Tabita ce a zaune da baƙar tukunya a tsakanin gwiwoyi, Damaris kuwa tana tsaye a layi da sauran mata, hannuwanta a sake, ba ta san inda za ta ajiye su ba. Tabita ta dube ta, ta gyaɗa mata kai, ta duki tukunya sau biyu.

Suka rera waƙoƙi biyu na ibada, sannan suka rufe da waƙar bargo, wadda zuwa lokacin har yara sun iya ta. A baiti na ƙarshe matan sun shirya su yi shiru na ɗan lokaci kafin su ɗauka tare. Babu wanda ya gaya wa Irmiya an ƙara wannan shirun. Daga ɓangaren maza, shi kaɗai, da dukan ƙarfinsa, ya saki murya: "Bargo ba ya ceto!"

Majami'a ta yi tsit na daƙiƙa ɗaya, sannan ta fashe da dariya. Fasto Filibus ya cire tabarau yana share ido da hannun riga. Irmiya ya tsaya ƙiƙam, ya gyara wuyan rigarsa, ya ce wa na kusa da shi, "To, ƙarya na faɗa?"

Bayan an tashi, matan suka wuce gidan Kaka Keziya da kulolin tuwon shinkafa da miyar taushe. Damaris ce ta tuƙa shi, kuma a wannan karon bai yi yawa ba, har sai da aka kankare tukunya.